Riƙon yara da ciyar da su bayan saki: me shari'a ta ce, me dokar gwamnati ta ce?

Inna_Jahun:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malamanmu da lauyoyinmu, kuma ina roƙon a amsa mini da ilimi, domin magana ce ta cikin gidanmu. Auren ƙanwata ya mutu bara, ta fito da yara uku: mace mai shekara 10, namiji mai shekara 7, da ƙaramar da ba a daɗe da yaye ta ba. Da ta gama idda ta dawo gida nan cikin garin Bauchi tare da su duka. Bayan Babbar Salla uban ya zo ya ce zai kai namijin ya gaida kakarsa, tun daga ranar ba mu sake sa shi a ido ba, sai labari muka ji cewa ya damƙa shi ga wani malami da ya tafi da almajirai wajen ƙasar Katagum. Sauran biyun kuwa ko sabulun wanki bai taɓa aiko musu ba, alhali yana da shago kuma har ya ƙara aure. Yanzu babbar ta fi zuwa tallar awara a kan zuwa makaranta, domin da shi ake samun na cefane. Dattawan danginsa sun ce ɗa na uba ne, inda ya ga dama nan zai kai shi. Shin haka shari'a ta ce? Ita kuma dokar kare yara da muke ji a rediyo, tana da wani amfani ga irin wannan matsala, ko a takarda kawai ta tsaya?

Malam_Na_Misau:
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya kawo mafita. Maganar dattawan tana nan daidai idan nasaba da ɗaukar nauyi ake nufi, amma a wajen riƙo ba haka hukuncin yake ba. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, idan aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta da riƙon yaro, namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da da wuya a sami zauren karatu a garin nan da ba a biya shi, kuma Muhtasar na Halil ya faɗaɗa bayanin. Idan uwar ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba. Yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan 'yar uwar mahaifiyarsa, wato ke kanki kina gaban uban a wannan jeri. Daga cikin hujjojin akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda wata mata ta kawo ƙarar mijin da ya sake ta yana son karɓe ɗansu, Annabi (SAW) ya ce mata ita ce ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Ciyarwa kuwa, da sutura da wurin kwana, a wuyan uba suke ko da yaran suna hannun uwa, kuma ko da uwar tana da abin hannunta. Risala ta ce uba zai ciyar da 'ya'yansa ƙanana da ba su da dukiya, maza har su balaga ba tare da wata nakasa ba, mata har su tare.

Dan_Wunti:
Allah ya gafarta Malam, ba na jayayya da littafi, amma ɓangare ɗaya muka ji. Da yawa daga cikinmu mun ga matan da ke hana uba ganin 'ya'yansa bayan rabuwa, idan ya aika da kuɗi kuma a zuba su a adashe. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai shago ma ba kowa ne ke iya ciyar da gida biyu ba. Ni a fahimtata uba ne ke da ikon zaɓar wa ɗansa irin karatun da zai yi. Idan ya zaɓi allo, da wane dalili za a ce ya yi laifi?

Ummu_Fadaman_Mada:
Malam Dan_Wunti, wanda ba zai iya ciyar da gida biyu ba ai bai kamata ya buɗe na biyun ba. Hajiya ta ce ya ƙara aure, kuma kowa ya san abin da lefe da sadaki suke ci a yau.

Malam_Na_Misau:
Tambayar Malam Dan_Wunti tana kan hanya, kuma malamai ba su bar ta ba. Halil ya ce uba yana da ikon duba ɗansa yana hannun uwa, da ladabtar da shi, da aika shi makaranta, amma malaman mazhaba sun bayyana cewa wurin mai riƙonsa yake komawa ya kwana. Ke nan zaɓen karatu nasa ne, raba yaro da uwarsa da sunan karatu kuwa ba nasa ba ne. Akwai hali ɗaya da ake ba uba damar tafiya da ɗa, shi ne idan shi da kansa zai ƙaura ya zauna a wani gari mai nisan baridi shida, abin da ya haura kilomita 100, kuma hanya da garin akwai aminci. A nan uban bai ƙaura ba, yana shagonsa, yaron ne aka tura. Batun hali kuma, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙi ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Alƙali zai duba samunsa ya yanka masa daidai ƙarfinsa. Uwar da ta hana uba ganin 'ya'yansa ita ma ta saɓa, kuma yana da ikon kai ƙararta, sai dai wannan ba ya sauke masa ciyarwa.

Barista_Kobi:
Bari in amsa rabi na biyu na tambayar Hajiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta rattaba mata hannu a 1990 ta karɓe ta a 1991, sannan aka yi Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya a 2003, zamanin Obasanjo. Abin da ya sa mutane suka daɗe suna jin sunanta ba su ga aikinta ba shi ne tsarin mulkinmu bai sa sha'anin yara cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka ba. Saboda haka dokar ta 2003 a Abuja take aiki kai tsaye, kowace jiha kuma sai majalisarta ta yi tata. Jiharmu tana cikin na ƙarshe-ƙarshe, domin sai a ƙarshen 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sa wa tamu hannu, shekara 20 bayan ta tarayya.

Ginshiƙin dokar ta 2003 yana sashe na 1, inda aka ce duk matakin da za a ɗauka game da yaro, maslaharsa ce za a sa a gaba. Yaro a wurinta shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Sashe na 14 ya ba shi haƙƙin kulawar iyaye da ciyarwarsu gwargwadon halinsu, kuma ya ce ana iya neman wannan haƙƙi a kotu. Sashe na 30 ya hana amfani da yaro wajen bara da talla a titi. Masu cewa doka ce ta koya wa yara raina iyaye su duba sashe na 19, wanda ya ɗora wa yaro girmama iyayensa da na gaba da shi da taimaka musu idan suna da bukata.

Amma shawarata ta aiki ita ce, ƙanwarki ba ta bukatar jiran komai daga sabuwar doka kafin ta motsa. Ita da tsohon mijinta Musulmi ne, aurensu na Musulunci ne, don haka kotun shari'ar Musulunci ta yankinku tana da hurumin sauraron riƙo da ciyarwa, kuma da hukuncin da Malam ya kawo za ta yi aiki. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar ɗaukaka ƙara har zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da riƙon yara. Ba dole ba ne sai da lauya a ƙaramar kotu, amma idan ana son taimako kyauta akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Gardi_Darazo:
Ni tsangaya ce ta raine ni, a can na sauke na kuma rubuta, don haka duk lokacin da aka fara irin wannan magana gabana kan faɗi, domin daga laifin uba ɗaya sai a koma zagin allo gaba ɗaya. Tsarin da muka tarar ba irin wanda ake gani a bakin tasha yau ba ne. Malam yana da gona, gardawa da titibirai suna noma tare da shi da damina, da rani a tafi ci-rani. Kolo yana da uwar ɗaki a unguwa, wadda ke ajiye masa tuwo ta kuma lura idan ba shi da lafiya. Mahaifina kan zo da damin gero bayan kaka, ya kawo riga da salla, ya biya kuɗin Laraba. Abin da ya lalace shi ne iyaye sun gano cewa tsangaya wuri ne da za a sauke nauyi ba tare da an ji kunya ba. Na ga malamin da aka zube wa yara sun fi ƙarfinsa, wasu iyayen ko lambar wayarsu ba su bari ba. Saboda haka a wannan magana ina bayan Hajiya: yaro ɗan shekara 7 da uwarsa ke raye tana son riƙonsa, ga makarantun allo da Islamiyya a kowane lungu na Bauchi, ba karatu ne ya sa aka kai shi Katagum ba.

Abin da ba na goyon baya shi ne gwamnati ta tashi da ƙarfi kamar yadda aka yi a 2020 lokacin korona, aka riƙa loda yara a motoci ana mai da su jihohinsu. Iyayen da suka watsar da su ba a tambaye su komai ba, kuma da kulle ya wuce da yawa suka koma inda suka fito.

Dan_Wunti:
Gardi ya faɗi abin da ke raina. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani, aka buɗe ta farko a Sakkwato a 2012, sannan a 2023 aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Idan gwamnati ba ta riƙe abin da ta gina da hannunta ba, da wane baki za ta hukunta talaka?

Malama_Firamare_Ningi:
Ina so a dawo kan yarinyar mai shekara 10, domin duk hankali ya tafi kan namijin, ita kuma tana nan a gabanmu tana salwanta a hankali. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta ce iyayen da suka ƙi sa ɗansu za a fara da yi musu gargaɗi, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. A tsawon aikina ban taɓa ganin an gurfanar da uba ko ɗaya a kan wannan ba, kuma tarar kanta yau ba ta kai kuɗin da za a ɗinka wa yarinya kayan makaranta ba.

Abin da nake gani a aji shi ne, yarinya ba ta barin makaranta rana ɗaya. Za ta fara da fashin ranar kasuwa, sai ta riƙa zuwa bayan an dawo daga tara saboda ta kai ƙosai da safe, sai ta kasa karanta abin da 'yan ajinsu suka wuce, sai kunya ta kama ta, daga nan ko an ce ta zo ba ta so. Kafin a kai aji shida layin mata ya ragu ƙwarai. Kuma kalmar kyauta tana da iyaka, domin inifom da littattafan rubutu da takalmi da ɗan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai duk daga aljihun gida suke fita. Uwar da aka bar wa yara ba ko sisi, idan aka ce mata talla laifi ne, dole ta tambaya me za su ci da dare. Hajiya, ki je wurin shugaban makarantarsu ki yi masa bayani tun kafin a cire sunanta daga rajista.

Alhaji_Muda_Lawal:
Malama, a yi adalci. Talla ba yau aka fara ba, iyayenmu mata da ke cikin kulle da ita suka riƙe gidaje, da ita aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki. Ni kaina na yi tallar goro kafin in zama abin da na zama. Shin yanzu duk uwar da ta ɗora wa 'yarta faranti mai laifi ce?

Malama_Firamare_Ningi:
Alhaji, tallar da aka yi a da cikin unguwa ce, gida-gida, kowa ya san 'yar wane ce, kafin magariba ta dawo. Ta yanzu a tashar mota ce da bakin shingen hanya da garejin makanikai, wani lokaci har bayan isha'i. Kai kanka da kake kasuwa ka fi ni sanin irin maganganun da ake yi wa yaran nan. Ban ce a kama uwa ba, cewa na yi a bi wanda ya jefa ta cikin wannan hali.

Hajiya_Azare:
Ni na bi wannan hanya da ƙafata, don haka bari in gaya wa 'yar uwata abin da za ta tarar. Samun hukunci bai yi mini wuya ba. Alƙali ya tambaye shi ko yaran nasa ne, ya ce nasa ne, ya tambaye shi sana'arsa, ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya bar mini riƙo. Wahalar tana bayan hukunci. Ya biya na 'yan watanni ya daina, kuma duk lokacin da ya daina ni ce zan bar sana'ata, in biya kuɗin mota, in koma in nemi a aika masa sammaci. Abin da ya taimake ni shi ne na roƙi a riƙa biya ta hannun kotu ana rubutawa, saboda kada ya ce ya ba ni a hannu. Sannan kuɗin da aka yanka shekarun baya yau ko rabin wata ba ya kaiwa, kuma ba wanda ya gaya mini ina da ikon komawa a sake dubawa sai da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta faɗa mini. Ma'aikacin gwamnati ya fi sauƙin kamawa tun da albashinsa sananne ne. Ɗan kasuwa kuwa zai rantse cewa shagon na ubangidansa ne.

Saraya_Bogoro:
Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, domin mu ma a ɓangaren Kirista matsalar ɗaya ce. A al'adun garuruwanmu da yawa, da zarar an biya sadaki ana ɗaukar yara na gidan miji ne, mace ta fita hannu rabbana. Amma wadda aka yi mata auren rajista, dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke aiki a babbar kotu, kuma sashe na 71 ya ce maslahar yaran ita ce gaba da komai wajen yanke wanda zai riƙe su. Abin da ya ba ni mamaki a bayanin Malam shi ne yadda shari'ar Musulunci ta jera dangin uwa a gaban uba, amma maƙwabtana Musulmi mata da yawa suna miƙa yara da zarar an yaye su, suna ganin haka addini ya ce.

Malam_Na_Misau:
Haka ne, Malama Saraya, al'ada ce ta rinjayi karatu a wannan babi. Mu ma masu wa'azi mun fi yawaita bayanin haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya, ba mu cika tsayawa a kan haƙƙin 'ya'ya a kan iyaye ba, alhali hadisi ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa.

Ummu_Fadaman_Mada:
Akwai abin da nake tsoro ga yarinyar nan wanda ba a ambata ba. Idan talla ta gaza, mataki na gaba shi ne wata dillaliya ta zo ta ce za ta samar mata aikatau a Abuja ko Kano ko Jos, a riƙa aiko wa uwar kuɗi duk wata. Mun ga yara daga ƙauyukanmu da aka kai haka, wasu sun dawo da tabo a jiki, wasu ba a san gidan da suke ba.

Barista_Kobi:
Wannan kuma dokarsa ta tarayya ce, tana aiki a kowace jiha ba sai an jira majalisar jiha ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta mai da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida laifi, kuma laifin ya hau kan wanda ya ɗauka da wanda ya kai. Ga masu ganin duk wannan baƙon abu ne daga Turawa, tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa kundin dokokin laifuka na Final Kod ya sa hukunci a kan mai riƙon yaro da ya yasar da shi ko ya azabtar da shi ko ya yi sakaci da shi da gangan.

Wani abu kuma da ke ba mu wahala a kotu shi ne shekaru. Duk waɗannan dokoki a kan shekaru aka gina su, amma yara da yawa ba su da takardar haihuwa, sai a koma ana kintace da tsawo da haƙora. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke yin rajistar haihuwa. Hajiya, idan yaran suna da takardun, ko katin rigakafi na asibiti, a adana su wuri ɗaya tare da takardar saki.

Baba_Mai_Unguwa:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ban ƙi ko ɗaya ba, amma ina jan hankalinku kada a fara da kotu. Yaran nan jininsa ne, gobe shi ne waliyyin 'yan matan idan aure ya zo, kuma mutumin da aka kai gaban alƙali yakan riƙe abin a zuciya har ya huce a kan yaran. A unguwarmu idan irin wannan ta taso nakan kira uban da wani babba a danginsa da limami, mu zauna a zaure, a rubuta abin da zai riƙa kawowa, mudu nawa na hatsi, nawa na cefane, kowa ya sa hannu. Da yawa sun fi jin kunyar limaminsu a kan sammaci. Idan wannan ya gagara akwai hukumar Hisba, sannan kotu.

Hajiya_Azare:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma dattawan danginsa da za a kira ai su ne suka ce ɗa na uba ne. Zaman sulhun da aka yi mini kafin in je kotu, duk wanda ya buɗe baki haƙuri yake ba ni, ba wanda ya dubi mutumin ya ce masa ya ji tsoron Allah. Mace a irin wannan zama ko shiga zauren ba ta yi, wani ne ke magana da bakinta.

Malam_Na_Misau:
Baba ya yi gaskiya cewa sulhu alheri ne, kuma alƙali ma yakan fara da shi. Sai dai akwai wata mas'ala da ya kamata a sani kafin a ja lokaci. A Malikiyya ciyarwar 'ya'ya ba kamar ta mata ba ce. Ta mata tana zama bashi a kan miji mai hali ko da lokaci ya wuce, ta 'ya'ya kuwa tana faɗuwa da wucewar lokaci, domin an wajabta ta ne don toshe bukatar wannan lokacin. Halil ya togace hali biyu: idan alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wani ya ciyar da yaran ba da niyyar kyauta ba, da nufin zai nemi a biya shi. Saboda haka duk watan da ya wuce ana zaman jiran dattawa, ƙanwar Inna_Jahun tana iya rasa shi, sai idan ta kafa shaidu cewa abin da take kashewa za ta neme shi a wurin uban. Haka kuma riƙo, idan mai haƙƙi ta yi shiru ta daɗe bayan ta san an ɗauke yaro, ana iya kafa mata hujja da shirun. Ina ganin a yi sulhun, amma a sa masa wa'adi gajere.

Inna_Jahun:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa ƙanwata da mahaifiyarmu duk amsoshin. Mahaifiyarmu tana bayan shawarar Baba Mai Unguwa, ta ce a gidanmu ba a taɓa kai uban 'ya'ya ƙara ba, kuma tana tsoron a ce 'yarta fitinanniya ce har ta rasa mai aurenta. Ita kuwa ƙanwar tawa ta ce ta yafe kuɗin in dai za a dawo mata da ɗanta. Matsalar ita ce ba mu san sunan malamin ba, ba mu san takamaiman garin ba.

Barista_Kobi:
Kada ta furta cewa ta yafe, domin ciyarwa haƙƙin yaran ne, kuma da ita ce babbar za ta ajiye farantin talla. Rashin sanin garin ba ya hana shigar da ƙara, tun da uban ake ƙara ba malamin ba. Kotu tana da ikon umartarsa ya kawo yaron gabanta, shi ya san inda ya kai shi. A kuma sanar da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, domin rahotonsu yana da nauyi.

Gardi_Darazo:
Barista, ina roƙon a bar 'yan sanda a gefe tukuna. Malaman tsangaya sun san junansu, kuma idan aka san unguwar da aka ɗauki yaron da lokacin da aka tafi, alarammomin garin nan za su iya gano wanda ya tafi da shi cikin 'yan kwanaki. Malami na gari idan ya ji cewa ba da yardar uwa aka kawo yaro ba, kuma ga abin da Risala ta ce, ba zai riƙe shi ba. Amma idan ya ga kaki a ƙofar tsangayarsa zai ɗauka an zo rufe masa makaranta ne, ya kwashe yaran ya ƙara gaba. Hajiya, ki turo mini sunan unguwar uban ta saƙon sirri, zan tambaya.

Dan_Wunti:
Ko an gano shi, malamin daga hannun uba ya karɓa, kuma ba na jin zai miƙa wa wani ba da izinin uban ba. Har yanzu ina ganin sai an ji ta bakin mutumin nan kafin a yanke masa hukunci a zaure.

Hajiya_Azare:
Sammaci ai don a ji ta bakinsa ake aika shi, Malam Dan_Wunti. Gardi ya yi nasa binciken, Baba ya kira zamansa, amma ni da za a bi tawa, ranar Litinin za a je a yanki takardar ƙara, a bar sulhun ya gudana alƙali yana sane. Barista, idan uban ya ƙi zuwa bayan an kai masa sammaci, kotu za ta ci gaba da sauraro a bayan idonsa ne, ko sai an kamo shi?